Yadda za a haɗa wa 'yan aji ɗaya na firamare littafin aiki na zango guda

Littafin aiki shi ne wanda yaro ke rubuta amsa a cikinsa, don haka ba ya gaduwa, kowane zango sai sabo. Wannan ne ke sa malamai da dama a Bauchi su haɗa nasu su kai shagon fotokwafi. Abin yana yiwuwa, in dai an yi lissafi tun kafin a taɓa kwamfuta.

A fara da takarda. Idan aka ninke A4 gida biyu, tana ba da shafi 4. Falle 10 kenan shafi 40, wato shafi huɗu a mako har mako goma, sauran makonnin zangon a bar wa bita da jarrabawa. Rim ɗaya falle 500 ne, zai ishi yara 50. A nemi mai nauyin giram 80. Mai giram 70 ta fi araha, amma rubutun baya yana leƙowa, kuma yaro na goga kilina sau biyu ta huje.

Abin da za a sa a ciki a ɗauko shi daga manhajar NERDC, wato hukumar da ke tsara manhajar karatu a Najeriya, kada a bi son rai. Shafi ɗaya, aiki ɗaya: misali guda da aka riga aka yi a sama, sai tambayoyi biyar ko shida da fili wadatacce. A Hausa a fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan baƙi ɗaya da gaɓoɓinsa, kamar na, ne, ni, no, nu, kafin a kai ga kalma irin su nono da Nana. Kada a haɗa b da d a mako ɗaya, domin yara na juya su, balle a zo ga ɓ da ɗ. Tagwayen baƙaƙe kamar sh, ts da ƙw su jira sai can gaba. A lissafi kuwa a yi da abin da yaro ya sani: masa uku a faranti, an ƙaro biyu, nawa kenan?

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne salon haruffa. Times New Roman tana rubuta a da g ba yadda malam ke yi a allo ba, yaro sai ya ɗauka wani harafi ne daban. Andika kyauta ce, don masu koyon karatu aka yi ta, kuma tana da ƙ, ɗ da ɓ. Girman ya kai 24 zuwa sama. In an gama a mayar da aikin PDF. Wanda ya kai fayil ɗin Word shago, alhali kwamfutarsu ba ta da wannan salon, zai tarar layuka sun goce, wani lokacin ma baƙaƙe masu lanƙwasa sun koma akwatuna. Haruffan ɗigo-ɗigo da yaro zai bi da fensir a yi su baƙi sosai, masu ruwan toka ɓacewa suke a injin fotokwafi.

Sai jeren shafuka, wanda ke rikita har masu shagon. Fallen farko yana ɗauke da shafi na 40 a hagu da na 1 a dama, bayansa na 2 da na 39, haka har tsakiya. A buga kwafi ɗaya tukuna, a ninke, a ƙirga, a kuma ba wani yaro ya gwada shafi biyu. In ya tsaya yana tambayar me ake so ya yi, umarnin ne ya yi tsawo, a rage shi.

Bango a yi da kwali mai kauri, a bar wurin suna da aji. Ƙaramar sitefila ba ta kai wa tsakiyar ninki, sai doguwa, in babu a ɗinke da allura da zare, huda uku. Da damina gara littattafan su kwana a makaranta cikin leda, a riƙa ba yara su tafi da su gida ranar da akwai aikin gida kawai.