Yadda Za Ka Yi Atisayen Amsa wa Majinyaci Mai Wuyar Sha'ani

Ɗaliban jinyar tattaunawa, wato magance damuwar zuciya ta hanyar hira, da nake duba aikinsu galibi sun iya karatu. Tambaye su abin da masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya rubuta a 1957 kan tausayawa da karɓar mutum yadda yake, za su zuba maka shi babu gargada. Amma bari majinyaci ya dube su ido cikin ido ya ce, "Wata uku ina zuwa, ban ga abin da ka tsinana mini ba." Sai baki ya mutu, ko a shiga kare kai. Wannan gaɓar ce ake yi wa atisaye, kuma kada ka yi zaton shekaru za su gyara maka ita. A 2016 Simon Goldberg da abokan aikinsa sun bi diddigin masu ba da jinya 170 da majinyata fiye da 6,000, suka tarar yawan shekaru a aiki bai ƙara kyan sakamako ba, har ɗan ja da baya aka gani.

Fara da zaɓar abu guda, ƙarami. "Ina so in ƙware a tausayawa" ba manufa ba ce, buri ne. Manufa ita ce: idan majinyaci ya zarge ni, in faɗi abin da yake ji a jimla ɗaya kafin in yi wani bayani. Wannan tsari ya samo asali ne daga aikin Anders Ericsson, wanda a 1993 ya yi nazarin ɗaliban kiɗa a Berlin. Atisaye ne da aka yanka ƙanana, mai ɗan fin ƙarfinka, ana maimaitawa ana gyara maka nan take.

Ɗauki zamanku a bidiyo, bayan majinyaci ya amince a rubuce. Nemo minti ɗaya inda ka daburce, ka kai wa malaminka wannan mintin kaɗai. Ɗalibai suna son kawo wurin da suka burge, ni kuwa ba na kallonsa.

Daga nan abokin karatunka ya zauna a matsayin majinyacin, ya jefo maka maganar da zafinta. Ka amsa, malam ya tsayar da ku. Wata ɗaliba ta fara da cewa, "Ai ka san irin wannan aiki yana ɗaukar lokaci." Gaskiya ce, amma ta rufe wa mutumin baki. Na ce ta sake. Ta ce, "Na fahimci ranka ya ɓaci," idonta na kan takarda, muryarta kamar mai karanta sanarwa. Na ce kalmomin sun yi, ta ajiye biro ta rage gudu. Can sai ta ce, "Ka zo da fatan samun sauƙi, ga shi har yanzu kana inda kake. Faɗa mini abin da na kasa kamawa." Wanda ke wasan majinyaci ya sauke kafaɗa da kansa. Ta ce, "Malam, shi ke nan?" Na ce a'a, yanzu zai ƙara zafi, ki sake.

Gyara ɗaya ake bayarwa a kowane zagaye. Idan malaminka ya jero maka biyar, roƙe shi ya zaɓi guda. Kuma lura da jikinka: in numfashi ya sarƙe, kanka ya ɗauke, atisayen ya fi ƙarfinka, a sassauta. In kana amsawa kana murmushi, ya yi sauƙi.

Kada ka tsaya kan mai faɗa kawai. Jeremy Safran da Christopher Muran sun raba tsagewar alaƙa tsakanin mai ba da jinya da majinyaci gida biyu, mai fito-na-fito da mai janyewa. Na biyun ya fi wuyar ganewa, wato wanda ke cewa "to," "babu komai," yana canja zance cikin ladabi. A ganina shi ya fi cancantar lokacinka, don yakan daina zuwa ba tare da ya ce uffan ba.

In babu abokin atisaye, kunna bidiyon, tsayar da shi daidai inda majinyaci ya gama magana, ka amsa da babbar murya kana ɗaukar kanka. Da irin wannan gwaji Timothy Anderson na Jami'ar Ohio ya auna masu ba da jinya a 2009, kuma waɗanda suka fi iya amsa gajerun bidiyon majinyata masu wuya su ne majinyatansu na gaske suka fi samun sauƙi. Minti goma sha biyar sun isa a zama ɗaya. Bidiyon kuma a ajiye shi a na'ura mai kalmar sirri, a goge shi a ranar da aka yi wa majinyaci alkawari.