Yadda ake haɗa wasan ces na kwamfuta da kayan wasan yaranmu

Wata uku kenan ina kan wannan aikin a nan Garwa, tun da na saka hotonsa a Facebook abokai ke ta tambaya wai yaya na yi, to ga shi dalla-dalla. Wasan ces ne, wanda a lekol muke ce wa eshek, sai dai 'ya'yan da ke kan allon duk kayan wasan yaran unguwarmu ne.

Kar ka fara da zane, fara da doka. Sauke Godot, manhajar haɗa wasannin kwamfuta, kyauta ne, ba ya cin mega da yawa kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarsa. Yi allo mai gida 64, takwas sau takwas, ka jera 'ya'ya 32, kowane ɓangare 16, a wannan matakin haruffa kawai sun isa. Ka koya wa kowanne tafiyarsa, sannan dokoki ukun nan da ake yawan mantawa, wato sarki da hasumiya su motsa tare a tafiya ɗaya, da cin soja a wucewa in ya yi tsallen gida biyu, da sojan da ya kai ƙarshen allo ya zama sarauniya. In ka gama sai ka sa kwamfuta ta ƙirga duk tafiyar da za a iya yi daga farkon wasa, tafiya ɗaya dole ta ba ka 20, biyu 400, uku 8,902, huɗu 197,281. Ko da ɗaya lissafin ya kauce to akwai kuskure, ni kwana huɗu na yi ina nema ashe sarkina ne ke shiga gidan da ake iya cinsa.

Sai kayan wasan, nan ne zuciyar aikin wallahi. Sojoji murafun kwalba ne. Hasumiya na sa motar gwangwanin sardin tunda ita ma miƙe take tafiya, sarauniya 'yar tsana, sarki kuma kwalbar turare ce muka naɗa wa rawani da ƙyalle. Ɗan ces ɗin da ke tafiya a karkace, wanda Faransawa ke ce wa fou, Larabawa giwa suke kiransa, sai muka gina giwar laka. Dokin kuwa ƙanena ne ya gina shi da lakar bakin kogin Binuwai, kunne ɗaya ya ɓalle wajen shanya, ya ce yaya bari in sake, na ce a'a bar shi haka, kuma shi yara suka fi so. Ka shimfiɗa farin yadi a inuwa da safe, ka ɗauki kowanne da waya daga nisa ɗaya tsayi ɗaya, in ba haka ba murfi zai fi giwa girma. Cire bayan hoton da GIMP, manhajar gyaran hoto, ka ajiye shi a nau'in hoto na PNG, ɓangare ɗaya ka rina ja ɗayan shuɗi. Gwajin da bana wasa da shi, ka ƙanƙance hotunan ka mai da su baƙi ƙirin ka nuna wa yaro, in bai bambance doki da giwa ba sake ɗauka, don kyau ba ya da amfani in mai wasa yana ruɗewa.

Yanzu ƙwaƙwalwar abokin karawa. Ba soja maki 1, doki da giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9, ka sa kwamfuta ta hango tafiya biyu ko uku gaba ta zaɓi wadda ta fi mata riba ko da ka mai da martani mafi kyau. Sunan dabarar minimax, tun 1950 masanin lissafi Claude Shannon ya yi bayaninta a kan ces. Kana iya jona Stockfish, manhajar da ta ƙware a buga ces, shi ma kyauta ne tun 2008, amma lasisinsa GPL ne ka karanta sharuɗɗan kafin ka raba, kuma ka rage Skill Level ɗinsa, wato matakin ƙwarewarsa, wanda ke tsakanin 0 da 20, don yaron da ake cinyewa kullum ba zai dawo ba.

Sauti da waya za ka naɗa, ƙarar murfi a kan siminti ta ishe ka. Ka riƙa ajiye aikin a kile USB, wato filas, kowane dare saboda ɗaukewar wuta. Daga nan ka zaunar da yara biyu gaban kwamfutar ka ja bakinka ka yi shiru, duk inda suka tsaya suna kallon juna rubuta shi, gyaran gobe kenan.