Gwada wannan bayan sallar asuba

'Yan uwa, ga wata dabara da na aro daga Markus Aureliyus, sarkin Rum daga shekara ta 161 zuwa 180 miladiyya, mabiyin falsafar Sitoyik, mai koyar da juriya da kame kai. Yakan tunatar da kansa tun da sassafe cewa yau zai gamu da masu butulci da girman kai, don kada halinsu ya zo masa ba-zata.

Ni ma nakan ce wa kaina: yau wani zai ƙi biyan bashi, wataƙila a ɗauke wuta ina tsakiyar aiki. Sai in shirya abin da zan yi tun kafin in fita, minti biyu kacal. Jiya kuwa wanda nake bi kuɗi ya kashe wayarsa. Na tura masa saƙo ɗaya, na ci tuwona.