Yadda za ki bi da hoton MRI na yaro mai amosanin gaɓɓai

Idan gwiwar yaron da bai kai shekara 16 ba ta yi mako 6 a kumbure, kullum ya tashi da safe ƙafar a sage, likita kan yi zargin amosanin gaɓɓai na yara, wani lokaci har ya tura ku MRI, wato na'urar ɗaukar hoton cikin jiki.

Kafin ranar, ki tambaya ko za a yi masa allurar gadoliniyom, ruwan da ke haska kumburi a hoto. In yana da matsalar ƙoda, ki faɗa tun da wuri. Na'urar maganaɗisu ce, don haka a cire 'yan kunne, awarwaro, har layar da aka maƙala da fil. In daga Agege ko Obalende za ki taso, ki yi sammako. Yaron da ya sha cunkoson Legas da ƙyar yake kwanciya shiru na rabin awa, motsi kuwa ɓata hoto yake.

Sai batun makin da ake ba hoton, inda iyaye suka fi ruɗewa. Likitan hoto yana auna kaurin tantanin da ke cikin gaɓa. A JAMRIS, wato tsarin ba hoton gwiwar yara maki, ƙasa da milimita 2 sifili ne, 2 zuwa 4 maki ɗaya, sama da 4 maki biyu. Milimita fa! Likitoci biyu na iya duban hoto guda su saɓa. Kuma in an yi jinkirin ɗauka bayan allura, ruwan kan tsiyaya cikin gaɓar, tantanin ya zama kamar ya fi kauri. Ga shi ƙashin yaro girma yake yi: a wuyan hannun yara masu lafiya ma akan ga 'yan ramuka masu kama da zaizayewar da cutar ke yi wa ƙashi.

Saboda haka in za a sake hoto, ki koma inda aka yi na farko, ko da wani wurin ya fi araha. Ki riƙe faifan tsohon hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba, ki roƙa a jera su a kwatanta.

Daga nan ki kai wa likitan da ke duba shi, a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko duk inda kuke zuwa. Shi zai taɓa gwiwar da hannunsa, ya haɗa da gwajin jini. Ki gaya masa minti nawa yaron ke yi da safe kafin ƙafar ta sake, da ko yana iya durƙusawa yanzu.