Kurakuran da ke katse maganin jarabar ƙwaya bayan fita daga kurkuku

Mai jarabar hiroyin, fentanil ko danginsu irin su tiramol da kodin, idan ya daɗe a tsare jikinsa kan manta da ƙwayar. Abin da a da yake sha ya miƙe garau, yanzu zai iya tsayar masa da numfashi. Wani bincike na jihar Washington a Amurka, da aka buga a 2007, ya gano cewa a makonni biyun farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta shan ƙwaya fiye da ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Shi ya sa ake haɗa waɗanda suka fito da likita ta waya. Dabarar tana da kyau, amma ana yawan ɓata ta.

Babban kuskure shi ne jiran ranar saki kafin a fara shiri. A miƙa wa mutum takarda mai lambar asibiti a bakin ƙofa, a ce ya kira. Da wace waya? Layinsa ya mutu tun yana ciki, ba data, wataƙila ko wurin kwana bai da shi, balle wurin caji. Tun yana tsare ya kamata ya ga fuskar likitan ta kiran bidiyo, a sa ranar ganawa ta gaba, a ba shi waya mai layi da caja, a nuna masa yadda ake shiga. A karɓi lambar wani ɗan'uwa da shi da kansa ya zaɓa, don wayoyin nan suna ɓata, wasu ma sayar da su ake yi saboda yunwa. A kuma sallame shi da maganin da zai kai shi ranar ganawar.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi damuna, wato ɗaukar manhajar waya a matsayin magani. Saƙon tunatarwa ba ya kwantar da amai, gumi da ciwon gaɓoɓin da ke tasowa idan ƙwaya ta yanke. Metadon da bufrenofin ne ke yin wannan. A 2016 jihar Rhode Island a Amurka ta fara ba fursunoninta irin waɗannan magunguna tare da ci gaba da su bayan saki, mace-macen shan ƙwaya fiye da ƙima tsakanin waɗanda suka fito kuwa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100. Aikin waya shi ne kada maganin ya yanke. Tun 2020 Amurka ta sassauta doka, likita na iya rubuta bufrenofin ta ganawar nesa, amma metadon sai ta cibiyoyi na musamman, don haka mai shan sa a shirya masa kuɗin mota ma.

Wasu kuma kan mayar da wayar kayan leƙen asiri. Da zarar mutum ya zargi cewa abin da ya faɗa wa likita zai kai kunnen jami'in da ke sa masa ido bayan saki, zai yi shiru ranar da ya koma wa ƙwaya, ranar da ya fi buƙatar taimako ke nan. A faɗa masa ƙarara wa ke ganin bayanansa. Idan bai ɗaga kira ba, a neme shi, kada a cire sunansa daga shirin.

Kada a dage sai bidiyo. Wanda ba ya karatu sosai ko mai ƙaramar waya, kiran murya ya ishe shi.

Sai nalokson, maganin da ke dawo da numfashin wanda ƙwaya ta kayar. Tun 2011 yankin Sukotland na Birtaniya ke ba fursunoni masu wannan haɗari shi lokacin saki. Wanda ya suma ba zai iya danna waya ba, saboda haka a koya wa mutanen gida yadda ake fesa shi a hanci ko yin allurarsa, su kira motar asibiti, su zauna da shi har ta iso, don ƙarfin maganin na iya ƙarewa kafin na ƙwayar.