Ku binciki asalin hoto kafin ku yaɗa labari

Jama'a, duk hoton da ya zo muku tare da labari mai tayar da hankali, ku saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens kafin ku tura wa kowa. Ku adana hoton a waya, ku ɗora shi a manhajar, nan take za ta nuno muku shafukan da suka taɓa wallafa shi. Shafin intanet na TinEye ma yana wannan aiki, har yana ba da damar jera sakamakon daga mafi daɗewa.

A da, edita ne ke tantance hoto kafin jarida ta kai ga injin bugawa, amma yanzu rige-rigen wallafawa a intanet ya sa wasu kafofin ke ɗauko tsohon hoto su liƙa wa sabon labari, kuma abin takaici, mai karatu ne ke kwana a ciki. Kwanakin baya an turo mini hoton ambaliya ana cewa jiya ta auku, sai na iske an wallafa shi shekaru da suka wuce, a wata ƙasa dabam.

Sai dai dabarar tana da iyaka. Idan hoton sabo ne, ko an yanke shi sosai, ko ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi, mai yiwuwa ba za ku ga komai ba, kuma rashin sakamako ba ya tabbatar da gaskiyar labarin. Idan bidiyo ne, ku tsayar da shi a inda gini ko allon titi ya fito sarai, ku ɗauki hoton fuskar wayar, sannan ku bincika da shi.