Fitilar Baƙin Mai a Injin Bitil: Kurakuran da Ke Cin Inji

Injin Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, ba shi da lagireto. Iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi, kuma man duka lita 2.5 ne. Shi ya sa idan fitilar mai ta fara ƙyaftawa a silo, wato inji na aiki mota na tsaye, bayan doguwar tafiya, ba a wasa da ita. Sai dai yawancin masu gyara da ka suke yi.

Kuskuren farko shi ne rashin awo. Fitilar nan ba ta kamawa sai ƙarfin mai ya faɗi zuwa tsakanin psi 2 da 6 (psi ma'aunin ƙarfin matsi ne), kuma makunninta kan lalace. Kwance makunnin, ɗaura geji a gurbinsa, ka tuƙa motar minti 30 kafin ka duba. Awon inji mai sanyi ba ya gaya maka komai. Littafin kamfani ya ce da mai mai lambar kauri SAE 30, a zafin digiri 70 na Celsius da juyi 2,500 a minti, sabon inji zai ba da psi 42, kuma ƙasa da 28 ya gaji. 

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne a ga geji ya yi ƙasa, sai a ɗura mai mai kauri kamar zuma, a miƙar da sifirin bawul ɗin mai, a ƙara da ƙaton famfon mai na milimita 30. Geji zai tashi, mai mota ya yi murna ya biya. To me aka yi? A gindin injin, ta wajen puli, akwai bawul da ke tura mai cikin kula, wato abin sanyaya shi. Bawul ɗin nan bai san zafi ba, ƙarfi kawai yake ji. Idan ƙarfi ya yi yawa, sai ya buɗe kamar man na da sanyi, ya bar shi ya zarce bai bi ta kula ba. Mai ya ƙara zafi, ya tsinke, metal, wato matashin da karanshaf ke juyawa a kai, ya ci wuta. Haba malam, lambar geji kake gyarawa ko inji? Famfon milimita 26 ya wadatar da injin 1600, kuma a zafin bazara ban wuce mai 20W-50. Zaro bawul ɗin, ka tabbata yana zamewa a raminsa babu cijewa, ka mayar da sifirin na asali.

Sai masu yar da kwanukan da ke lulluɓe inji da robar da ke zagaye da shi, wai don ya sha iska. Iskar salansa mai zafi fanka za ta zuƙo. Mayar da kowane kwano, wanke ƙurar da ta toshe kula, ja fanbel ya riƙa lotsawa kamar milimita 15. Mai da ya haura digiri 120 ba zai riƙe ƙarfi ba.

Gasket mai kauri a murfin famfon mai ma ɓarna ce. Na asali siriri ne, kusan milimita 0.1. Idan giya ta ci murfin, goge shi da samfefa a kan gilashi har ya daidaita. Rariyar ƙasa mai noti shida a wanke ta duk kilomita 5,000. Shinshina sandar awon mai: warin fetur na nufin famfon fetur yana yoyo cikin inji.

Idan duk wannan bai yi ba, kama puli ka ja gaba da baya. Wasan karanshaf kada ya wuce milimita 0.15. In har kana jin ƙwas-ƙwas, metal ko mazauninsa ya cinye. Sauke inji, a kai shi a gyara ramin, a sa metal daidai da sabon awo.